Yadda Ake Fito da Layukan Gefe a Hoton Gini na Kwamfuta

A 'yan shekarun nan, wanda zai gina gida ko jerin shaguna a Bebeji, ko sito a Tudun Wada, ko masallacin unguwa a Kiru, ba ya gamsuwa da taswirar da aka zana a kwance a takarda. So yake ya ga ginin a tsaye, da fentinsa da ƙofarsa da inuwar barandarsa, tun ba a haƙa fandisho ba. Wannan ya buɗe wa matasa da dama hanyar abinci. Wasu sun karanta zanen gini a Wudil ko Zariya, wasu a hannun wani suka koya a cikin Kano. Za ka same su da laftof suna ƙera samfurin gini a SketchUp ko Revit ko Blender, su fitar da hoto su tura wa mai gini ta WhatsApp.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ba a ɗakin da aka yi hoton za a kalle shi ba. A waya za a kalle shi, a tsaye a fili da rana tsaka, ko kuma a buga shi baƙi da fari a shagon kwafi na Kwanar Dangora, da firintar da tawadarta ta kusa ƙarewa. Fentin da mutanenmu suka fi so kuwa mai haske ne, ruwan madara ko ruwan toka. Bango ya haɗu da fila, fila ta haɗu da silin ɗin baranda, duk launi guda, sai su narke cikin juna. Nan za ka ga Alhaji ya matso da wayar kusa da ido yana cewa, "Malam, wai nan bango ne ko lungu? Ina ƙofar zauren ta shiga?" Kai kuma ka hau nuni da yatsa: "Ranka ya daɗe, ai nan ta ɗan shige ciki." Maganin wannan shi ne layin gefe, wato siririn layin da ake bi da shi iyakar kowane sashe na gini a cikin hoton, don ido ya san inda bango ya ƙare da inda wani ya fara.

Layin nan kamar kwalli yake. Kaɗan ya fito da ido, da yawa ya ɓata fuska. Kwamfuta ba ta san wannan ba. Idan ka ce ta zana layi, za ta zana wa duk abin da ta gani, daga doron rufi har zuwa kan ƙusar ƙyaure, kuma da kauri ɗaya. Gwanintar tana wajen zaɓen layin da za a bari da wanda za a kashe.

Layi iri uku

Tun zamanin da ake zane da alƙalamin tawada a kan tebur, masu zanen gini ba sa yin layi da kauri ɗaya. Mafi kauri shi ne layin kewaye, wanda ya raba ginin da sararin sama, ko ya raba sashen da ke gaba da wanda ke can baya, kamar inda baranda ta yanko a gaban babban bango. Na tsakiya shi ne layin kusurwa, inda fuska biyu na gini suka haɗu kuma kana ganin su duka biyun: kwanar bango, bakin taga, gefen dakali. Mafi siranta shi ne layin ado, wanda ke kan fuska ɗaya ba tare da wani zurfi ba, kamar tsagar tayil ko rabon gilashin taga. Idan na tsakiya ya zama ɗaya, na kewaye ya ninka shi, na ado ya zama rabinsa. Wanda ya riƙe wannan, ko wace manhaja ya samu zai iya aiki da ita.

Gyara samfurin tukuna

Layi yana tona asirin samfuri. Ragowar layukan da ka bari a tsakiyar bango lokacin da ka matsar da taga, da fuska biyu da suka hau kan juna, duk ba sa fitowa a hoto mai launi, amma da zarar ka kunna layi za su bayyana. Sai ka bi bango ɗaya bayan ɗaya ka goge su.

Daga nan ka raba kayan cikin samfurin rukuni-rukuni: gini daban, rufi daban, ƙarafan taga da get daban, bishiyoyi da motoci da mutane daban. Amfanin wannan zai fito nan gaba. Bishiyar da aka sauko da ita daga intanet tana iya ɗauke da dubban ganye, kowane ganye da gefensa. Idan layi ya hau ta, dunƙulen baƙi za ta zama, kuma ita kaɗai ta isa ta sa laftof ya tsaya cik. Haka ƙarafan taga, haka tsagogin kwanon rufi idan an hango su daga nesa, haka bulon da aka jera a tsakar gida.

Abu na ƙarshe kafin a fara, kuma wanda ya fi kowanne muhimmanci: ka tsayar da kyamara ka adana matsayinta. Hoto biyu za ka fitar, ɗaya mai launi da haske, ɗaya na layi zalla, sannan ka ɗora su a kan juna. Idan kyamarar ta gusa ko da kaɗan ne tsakanin fitarwar farko da ta biyu, layin zai sauka a gefen bango maimakon a kansa, kuma babu jan hoto da zai daidaita shi. Faɗi da tsawon hotunan biyu ma dole su zama ɗaya.

A SketchUp

Wannan ita ce manhajar da aka fi samu a hannun masu koyo. Ta fito a shekarar 2000, Google ya saye ta a 2006, sannan ta koma hannun Trimble a 2012. Ita da ma da layi take nuna samfuri, don haka aikin a nan na gyara ne.

Shiga Styles, ka buɗe sashen gyaran layi. Edges shi ne ke kunna dukkan layuka sirara. Profiles shi ne layin kewaye, kuma akwai gurbin lamba a gabansa; sa 2 ko 3. Akwai wani amfani na Profiles da mutane ke mantawa: shi ne ke zana gefen abu mai zagaye. Idan ka kashe shi, filar da ke zagaye da tankin ruwa da hasumiyar masallaci za su rasa gefe gaba ɗaya. Ko ba ka son kauri, bar shi a kunne a kan 1. Extension yana sa layuka su ɗan zarce kusurwa kamar zanen hannu, Jitter yana sa su rawa. Ga hoton da za a nuna wa magini, ni dai ina kashe su biyun, domin magini yana iya ɗaukar layin da ya zarce a matsayin wani abu da ake so ya gina.

Sai ka mayar da fuskokin samfurin zuwa Hidden Line, wanda ke mai da komai fari fat ya bar layi kawai. Kashe inuwa, kashe sama da ƙasa, mai da bayan hoton fari, ɓoye rukunin bishiyoyi da mutane da motoci. Adana wannan a matsayin fage na biyu mai kyamara ɗaya da na hoto mai launi, ka fitar da shi a tsarin PNG.

A kula da abu ɗaya. SketchUp da fiksel take auna kaurin layi. Layin da ya yi daidai a fuskar laftof, idan ka fitar da hoton da faɗin fiksel 5000, zai koma siririn da ba a gani. Sababbin fitowar manhajar suna da gurbin ninka kaurin layi a wajen fitar da hoto. Yi amfani da shi. Hanyar da ta fi ba ka iko kuwa ita ce ka fitar da layin sau biyu, ɗaya Profiles kaɗai, ɗaya Edges kaɗai, don ka iya rage ƙarfin kowanne daban a lokacin haɗawa.

Idan abu mai zagaye ya fito da layuka a jere a jikinsa, dalilin shi ne kwamfuta ba ta da zagaye na gaskiya. Da'irar SketchUp gefe 24 ce idan ba ka canza ba. Ɗauki magogi ka danne Ctrl ka bi ta kan layukan, za su yi laushi su ɓace ba tare da fuskar ta goge ba. Danne Shift kuma ɓoye layin kawai yake yi.

A Blender

Blender kyauta ce, babu kuɗin lasisi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai farawa. Tana da hanya biyu. Ta farko Freestyle, wadda ta shigo cikinta a 2013. Ana kunna ta a saitin fitar da hoto, sannan a zaɓi irin layin da ake so: Silhouette da Border don kewaye, Crease don kusurwa. Za ka iya yin rukunin layi fiye da ɗaya, kowanne da kaurinsa da launinsa, ka kuma ce wani rukunin kaya kada layi ya taɓa shi. Nan ne rabon da ka yi tun farko yake biyan ka. Akwai kuma zaɓin As Render Pass, wanda ke fitar da layin shi kaɗai ba tare da ya manne a hoton ba.

Lambar da ya kamata ka fahimta da kyau ita ce Crease Angle. Tana zuwa a kan kimanin digiri 134. Ma'anarta, Freestyle za ta zana layi ne kawai inda kusurwar da ke tsakanin fuska biyu ta gaza wannan adadi. Kwanar bango digiri 90 ce, don haka tana samun layi. To amma ɗauki rufin sito mai sauƙin gangara, a ce digiri 15 kowane gefe. Kusurwar doronsa digiri 150 ke nan, ta zarce 134, sai rufin ya fito babu layi a doro, kamar shimfiɗa ɗaya. Ɗaga lambar zuwa 155 ko 160 doron zai bayyana. Idan ka wuce haka sosai, jikin duk wani abu mai zagaye zai cika da layi.

Freestyle tana da rauni biyu. Tana cin ƙwaƙwalwar kwamfuta da lokaci, kuma ba ta zana layi inda abu biyu daban suka ratsa juna, kamar inda fila ta nutse cikin dakali. Hanya ta biyu, Line Art, wadda ta zo a 2021, tana ganin wannan ratsawar, kuma tana nuna maka layin tun kana aiki ba sai ka jira hoto ya fita ba. Ga mai ƙaramin laftof da wutar da ba a san lokacin tafiyarta ba, na fi ba da shawarar Line Art.

Masu aiki da Enscape ko Lumion suna da maɓallin layin gefe da ake ja a ƙara ko a rage. Yana da sauri, ya kuma isa idan Alhaji na jira a waya, sai dai ba ya bambanta bango da ganyen darbejiya. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne a ɗauki hoton da aka gama a ce Photoshop ta nemo gefuna da kanta. Ita bambancin haske kawai take gani, don haka iyakar inuwa ma za ta zana mata layi, mai kallo ya ɗauka tsaga ce a bango.

Idan ginin na ƙasa ne

Duk abin da aka faɗa a sama ginin bulo da siminti ya fi shafa, mai kaifin kusurwa. Amma a garuruwan nan har yanzu akwai soraye da zauruka na ƙasa, kuma ana samun mai son a zana masa sabon gida da fuska irin ta gargajiya, ko a adana surar tsohon zauren gidansu kafin a rushe. Nan ne manhaja ke rikicewa.

Ginin tubali ba shi da kaifi. Bangon yana da kauri a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa. Kwanarsa hannu ne ya shafe ta da yaɓe, damina kuma ta ƙara mulmula ta. Zankwaye suna tasowa ne daga jikin rawanin soro ba tare da wata iyaka da za ka ce ga inda ɗaya ya ƙare ba. Idan ka ƙera samfurin da gaskiya, ka mulmula gefunansa, layin kusurwa zai ɓace domin babu inda fuska biyu suka haɗu da kaifin da manhajar ke nema. Idan kuma ka bar gefunan da kaifi don layi ya fito, ka zana ginin siminti ne mai fentin ƙasa, kuma duk dattijon da ya kalla zai gane.

Mafita ita ce ka jingina da layin kewaye, ka sa sauran da hannunka. A Blender, shiga yanayin gyara, zaɓi gefunan da kake so, ka yi musu Mark Freestyle Edge, sannan ka kunna Edge Mark a rukunin layin. Waɗanda suka cancanta ba su da yawa: bakin ƙofar zaure da zurfinta, ƙasan rawani, inda indararo ya fito daga bango, gefen dakali. Indararo musamman yana son layi mai kyau, domin siriri ne kuma shi ke nuna wa mai kallo ta ina ruwan soro zai sauka. A cikin ɗaki, ka bi bakan gizo da layi ta gefensa biyu har inda suka haɗu a tsakiyar ɗaurin guga, ka bar azarar da aka jera a tsakani da layi mafi siranta, ko ka bar inuwa ta nuna ta.

Zanen ado na fuskar gida, irin su dagi da sauran ƙulle-ƙulle da ake fitarwa a jikin yaɓe, jaraba ce babba. Hannu zai so ya bi kowane lanƙwasa da baƙin layi. Kada ka yi. Wannan ado an yi shi ne don rana ta buge shi daga gefe ya yi inuwa. Juya hasken hoton ya zo a karkace, kamar na hantsi ko na la'asar, adon zai fito da kansa. Idan dole sai an sa layi, a sa shi da launin ƙasa mai duhu, a gefe ɗaya kawai, gefen inuwa.

Wanda yake son ya horar da idonsa a kan wannan, ya nemi zane-zanen Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Poland da ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiya a Nijeriya. An buga aikinsa cikin juzu'i uku a 1990, na farkon a kan Arewa. A ciki akwai masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Duba yadda aka nuna bakunan ginin da layi, ka lura da yawan wuraren da aka bari fari. Idan kuma ka shiga Kano, tsaya a gaban Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa da fensir, ka gwada zana fuskar ginin da layi ashirin kacal. Waɗanda ka zaɓa su ne za ka yi wa alama a kwamfuta.

Rumbu da ɗakin zagaye mai jinka su ma haka: layin kewaye, bakin ƙofa, da inda jinka ta sauka a kan bango. Ciyawar jinka ba ta son layi.

Haɗa hotunan biyu

Buɗe hoton mai launi a Photoshop, ko GIMP wadda ita ma kyauta ce. Ɗora hoton layin a samansa, ka canza yanayin haɗuwarsa zuwa Multiply. Farin zai ɓace, layin ya zauna. Daga nan rage ƙarfinsa. Baƙi wuluk a kan bango mai ruwan madara yana da tsauri. Tsakanin kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari yakan wadatar, kuma idan ka juya launin layin zuwa ruwan ƙasa mai duhu ko toka mai duhu zai fi zama cikin hoton.

Sai ka ɗauki magogi mai laushi ka rage layin a wuraren da ba a buƙatarsa: can ƙarshen katanga inda ta yi nisa, cikin gilashin taga, da duk inda bishiya ko mota ta tare ginin. Wannan na ƙarshen ana yawan mantawa da shi. Tunda ka ɓoye bishiyoyi lokacin fitar da layi, layin bangon zai ratsa ta kan bishiyar da ke gabansa, dole ka goge shi a nan.

Idan ka ɗora ginin a kan hoton wuri na gaske, ginin kaɗai ke samun layi. A ce masauki ne ake son ginawa a kusa da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, ka sa ruwan da duwatsun a baya. Ko makaranta ce a Doguwa, da tsaunukan Riruwai a bayanta, ko kurmin Falgore. Bar su yadda kyamara ta ɗauko su. Bambancin da ke tsakanin ginin mai layi da bayan da ba shi da layi shi ne zai turo ginin gaba. A irin wannan bayan mai duhun ganye ma, layin kewaye ba ya buƙatar kauri sosai, domin farin bango ya riga ya rabu da kore. Inda ya fi aiki shi ne a hoton da samansa fari ne irin na hazon hunturu, inda rufi da sama suke kusan launi ɗaya.

Kauri, bugawa da turawa

Tun kafin ka fitar da hoto ka san inda zai ƙare. Takardar A3 milimita 420 ce da 297. Idan za a buga ta da ɗigo 300 a kowane inci, hoton zai zama fiksel 4961 da 3508, kuma kowace milimita ɗaya kusan fiksel 12 ce. Ke nan layin kewaye mai rabin milimita fiksel 6 ne, layin kusurwa mai kwatar milimita fiksel 3, layin ado kuma 2. Duk abin da ya gaza haka, tsohuwar firinta za ta yanyanka shi ko ta haɗiye shi. A4 kuma fiksel 3508 da 2480 ce, lissafin kaurin bai canza ba.

Na waya daban ne. Fitar da wani kwafin mai faɗin fiksel 1920 ko ƙasa da haka, da layin kewaye 3 da na kusurwa 2, ka cire layin ado gaba ɗaya. WhatsApp yana matse hoto idan an tura shi a matsayin hoto, kuma siraran layuka ne farkon abin da ke lalacewa. Tura shi a matsayin fayil, ko ka mai da shi PDF. Kafin ka tura, sa shi a wayarka ka fita da ita rana ka duba.

Ga magini, ƙara masa hoto ɗaya da aka kalli ginin kai tsaye daga gaba, da kyamarar da ba ta ƙanƙanta abin da ke nesa, wadda SketchUp ke kira Parallel Projection, layi zalla da 'yar inuwa. Wannan ne yake iya ɗora wa ma'auni ya kwatanta tsayin taga da na ƙofa. Hoton da aka ɗauka daga kwana ba a awo a kansa, kuma yana da kyau ka rubuta hakan a ƙasan takardar, ka mai da shi ga taswirar da ke ɗauke da lambobi.

Ka kuma ajiye fayil ɗin haɗawar da shimfiɗunsa a rarrabe, da fagagen kyamarar yadda suke. Mai gini zai kira ya ce Hajiya ta ce a ƙara taga a kicin, ko a mai da ƙofar zaure ta kalli gabas. Idan komai na wurinsa, gyara samfurin za ka yi, ka sake fitar da hotunan biyu da sunayensu na da, ka musanya su a cikin fayil ɗin, sannan ka sake duba wuraren da ka goge da hannu ko tagar ta faɗa a bayan bishiya.